Bayan rufe Skype: yadda za ka sake tsara kiran gida da na aiki daga Yamai ko Tawa

Ranar 5 ga Mayun 2025 kamfanin Microsoft ya rufe Skype, manhajar kiran murya da bidiyo ta intanet, bayan sanarwar da ya fitar a ƙarshen Fabrairun shekarar. Manhajar ta fara aiki tun 2003. Niklas Zennström ɗan Suwidin da Janus Friis ɗan Denmak ne suka kafa ta, injiniyoyin Estoniya suka rubuta ta, eBay ya saye ta a 2005, sannan Microsoft ya karɓe ta a 2011 kan dala biliyan 8.5. Da ya tashi rufewa, sai ya ce kowa ya koma Teams, wata manhajarsa ta kira da taro.

A Nijar mafi yawan mutane ko a jikinsu, don WhatsApp ya daɗe da kwashe kiran gida. Waɗanda abin ya shafa ba su da yawa, amma ya shafe su ƙwarai: ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da ke taro da hedikwatarsu a Turai, malaman jami'a da ɗaliban da masu duba aikinsu ke ƙasar waje, ƴan kasuwar da ke magana da masu kaya a Dubai ko Turkiyya, da kuma ƴan uwanmu mazauna waje da ke zuba kuɗi a Skype su kira ƙaramar salular tsohuwarsu a ƙauye. Shawarata ga dukansu ɗaya ce. Kada ka tsaya neman manhajar da za ta maye gurbin Skype gaba ɗaya, babu ita. Ayyuka daban-daban yake yi maka a wuri guda, kuma kowanne yanzu sai ka nema masa nasa gida.

Fara da tsohon asusunka, kuma kada ka goge shi

Mutum ya ji an rufe Skype, abin da zai fara zo masa shi ne ya rufe asusun ya huta. Dakata. Asusun Skype asusun Microsoft ne. Idan kana da adireshin Hotmail ko Outlook, ko ka ajiye takardu a OneDrive da wannan sunan, rufe asusun zai tafi da su duka. Cire manhajar daga waya ba laifi, rufe asusun kuwa wani abu ne daban.

Abin yi shi ne ka sauke Teams, na kyauta, ka shiga da sunan da kalmar sirrin da kake shiga Skype da su. Microsoft ya tsara yadda sunayen mutanenka da hirarrakinka za su bi ka can. Ba duka ba: hirarrakin sirri da aka kulle na musamman, da waɗanda ka yi da asusun Teams na ma'aikata ko na makaranta, ba sa ƙaura. A sanarwarsa ya sa Janairun 2026 a matsayin wa'adin kwashe tsofaffin bayanai, don haka abin da ka tarar a Teams ɗin, ka ɗauka shi ne rabonka. Idan ka mance kalmar sirri, sai ta lambar waya ko adireshin imel ɗin da ka ba su tun farko za a dawo maka da ita, kuma a nan ne da yawa ke cijewa, don lambar da suka sa tun zamanin Orange ko Celtel ta daɗe da barin hannunsu.

Ko da komai ya ƙaura lafiya, ka ɗauki biro ka kwafe lamba da imel na mutanen da ba ka so su ɓace maka. A Skype da laƙabi ake sanin mutum, kana iya shekara goma kuna magana ba ka san lambarsa ba.

Akwai masu lambar waya ta Amurka ko Ingila da suka saya ta Skype, suka kuma ba da ita a banki ko wurin aiki. In kana cikinsu, wannan ya fi komai gaggawa: je ka canza lambar a duk inda ka ba da ita tun kana iya shiga.

Rubuta mutanenka a takarda

Kafin ka sauke wata manhaja, jera sunayen waɗanda kake kira, ka amsa tambaya uku a gaban kowanne. Wace irin waya ce a hannunsa, babba ko mai maɓalli? Yaya rezo yake a inda yake zaune? A wace ƙasa yake? Amsar nan ita za ta zaɓar maka manhaja, ba tallar kamfani ba. Kira yana tafiya ne daidai ƙarfin wanda ya fi rauni a cikinku. Kana Filato a Yamai da intanet mai kyau, ƙanenka yana wani ƙauye bayan Keita inda sai ya hau tudu yake samun sanda biyu, to kiran bidiyo ba naku ba ne, kowace manhaja kuka sa.

Kiran gida: WhatsApp, amma a gyara shi

Ga duk wanda ke da babbar waya a ɓangarorin biyu, magana ta ƙare a WhatsApp, don kowa na da shi, kuma ba sai ka koya wa Inna sabon abu ba. Kiran murya da na bidiyo duka a kulle suke tsakanin mai kira da mai amsawa, kuma mutum 32 na iya haɗuwa a kira ɗaya, abin da ya ishi taron dangi kan biki ko rabon gado. Yana kuma aiki a kwamfuta, har da nuna abin da ke fuskar allonka ga wanda kuke magana.

Abin da mutane ba su cika yi ba shi ne gyara shi don forfe ya daɗe. Yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, don haka ga sunayen yadda za ka gan su. Shiga Paramètres, sannan Stockage et données, ka kunna wurin da ke rage cin mega a lokacin kira. A shafin nan dai, ƙasa kaɗan, akwai saukar da hotuna da bidiyo kai tsaye. Kashe su duka. Wannan shi ne ɓarawon da ke cinye megar tsofaffi: an sa Baba cikin guruf biyar, na masallaci, na ƴan garinsu, na siyasa, kowanne ana zuba bidiyon wa'azi da na biki, waya na ta kwasa shi bai sani ba, ranar Juma'a ɗansa ya kira daga Abijan a tarar babu ko mega ɗaya.

Kiran murya bai cika cin mega guda a minti ba. Bidiyo yana ninka haka sau da yawa. Kada ka dogara da lissafin kowa, auna naka: duba ragowar forfenka, yi kiran minti goma, sake dubawa. Yi haka da Airtel, yi da Moov ko Zamani ko Niger Telecom idan kana da layi biyu, kuma a cikin ɗakin da ka saba kira, don rezon tsakar gida daban yake da na ƙuryar ɗaki mai rufin kwano. Layin da ya fi a Yantala ba lalle ne ya fi a Talaje ba, balle a Madawa ko Buza.

Idan rezo ya yi rauni, ga yadda ake sauka mataki-mataki. Kashe kyamara tukuna, murya za ta gyaru. Idan har yanzu tana yankewa, ku bar kiran ku koma saƙon murya, wanda muke ce wa bokal. Ni a ganina bokal ya fi kira amfani a ƙasar nan, don yana jiran rezo ya dawo ya tafi da kansa, wanda bai iya karatu ba yana sauraro, kuma ana iya maimaita shi. Maganar kuɗi musamman, nawa aka aiko ta Nita ko Al Izza, wa za a ba, nawa na hatsi nawa na makaranta, gara a yi ta a bokal ta zauna a matsayin shaida.

Wanda zai saita wa dattijo waya, ya yi aikin har ƙarshe. Na ga wani yaro a rumfar mai caji a kasuwar Tawa yana yi wa kakansa, kuma ya burge ni. Ya sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa, ya ɗaga hirar mutum uku zuwa saman jeri ya maƙale su, sannan ya miƙa wayar ya ce, "Kaka, taɓa fuskar Baba Ƙarami, ga ta nan. To, yanzu wannan alamar ta sama." Tsohon ya taɓa da ɗan yatsa a miƙe kamar mai dangwala wa takardar zaɓe. Sai da ya sa shi ya yi sau uku da hannunsa, shi yaron bai taɓa wayar ba. Da suka gama tsohon ya ce, "In ta ƙi fa?" Ya ce, "In ta ƙi, ka kawo wa Malam nan, na gaya masa."

Kiran ƙaramar salula daga waje

Nan ne rashin Skype ya fi ciwo, kuma nan ne Teams na kyauta bai cike gurbin ba. Da can mutum yana Faransa ko Amurka, zai zuba kuɗi a Skype ya buga +227 da lambar, wayar Inna mai maɓalli ta yi ƙara a ƙauye ba tare da ita ta san wani abu wai shi intanet ba. Microsoft ya daina sayar da wannan kuredin. Ya bar wa masu ragowar kuɗi hanyar ƙarasa shi ta faifan buga lamba a shafin intanet da cikin Teams, amma sabon zubi babu.

Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan har yanzu: Viber Out, Rebtel, Libon, Yolla, Boss Revolution da makamantansu. Duk aikinsu iri ɗaya ne, kai kana kan intanet, su kuma su sauke kiran a kan layin waya. Ba zan ce maka ga wanda ya fi ba, don farashi na canzawa, amma ga yadda ake tantancewa.

Duba farashin minti zuwa Nijar, ba wanda aka rubuta da manyan baƙaƙe a shafin farko ba. Wancan yawanci na kiran Indiya ne ko Amurka. Kira zuwa salular Nijar ya fi su tsada nesa ba kusa ba, saboda kuɗin da ake biya kafin kira daga waje ya sauka a layin cikin gida. Ka kuma lura kada ka duba na Najeriya a madadin na Nijar, sunayen biyu a jere suke, farashin kuwa ba ɗaya ba ne. Bayan haka nemi ƙananan rubutu: akwai kuɗin haɗa kira da ake cirewa ko da daƙiƙa biyar kuka yi? Da minti ake lissafi ko da daƙiƙa? Kuɗin da ka zuba yana mutuwa idan ka daɗe ba ka kira ba? Suna sake cirar kuɗi daga katinka da kansu duk wata? Wannan na ƙarshe ka kashe shi tun ranar farko.

Zuba mafi ƙarancin abin da suka yarda, ka kira, ka tambayi wanda ka kira abu biyu: yana jin ka sosai, kuma wace lamba ta fito masa? Wasu kamfanonin lambarka ce ke fitowa, wasu kuwa baƙuwar lamba, tsohuwa ta ga lambar da ba ta sani ba ta ƙi ɗauka, kai kana can kana zaton wani abu ya faru.

Amma a yi lissafi da kyau. Wanda ke kiran gida duk mako na tsawon lokaci, kuɗin da zai ƙona cikin ƴan watanni ya isa a sayi babbar waya mai sauƙin kuɗi a ajiye a gidan, a riƙa tura mata forfe. Ba sai a hannun tsohuwa za ta zauna ba. A kusan kowane gida akwai jika ko suruka mai iya riƙe ta. Ƴan ci-ranin Adar da ke Abijan da Libiya da Aljeriya sun daɗe da gano wannan: a yi wa ƙaramar salula kira gajere a ce "Inna, ki je wurin Hadiza bayan Isha", sauran hirar a yi ta a WhatsApp. Kuredin kiran layi sai ya zama na gaggawa kawai, rasuwa ko rashin lafiya. Inda babu rezon intanet sam, can ne kawai dole a ci gaba da biyan minti.

Idan za a tsayar da lokaci, a tuna da bambancin agogo. Abijan na bayanmu da awa ɗaya, Libiya na gabanmu da awa ɗaya, Saudiyya da awa biyu, Aljeriya daidai muke. Faransa daidai take da mu a lokacin sanyinsu, ta wuce mu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Taron aiki, darasi da ganawar neman aiki

A nan yawanci ba kai ke zaɓa ba, wanda ya kira taron ne zai aiko maka da mahaɗi. Don haka ka sa Teams da Zoom da Google Meet duka a shirye, ka shiga kowanne sau ɗaya tun ba ranar ba, ka ba shi izinin kyamara da makirfo. Mutum nawa suka rasa minti goma na farkon ganawar neman aiki suna fama da sabunta manhaja, masu ɗaukar aiki na zaune suna kallon baƙin allo.

Idan kai ne mai kiran taron, ga iyakar na kyauta. Zoom yana yanke taro a minti 40. Google Meet da Teams suna ba da minti 60 ga taron mutum uku zuwa sama, kuma dukansu ukun suna ɗaukar har mutum 100. Tsakanin mutum biyu, Meet da Teams suna barin ku ku yi sa'o'i. Malamin da ke duba kundin ɗalibi daga Jami'ar Abdou Moumouni ko ta Djibo Hamani a Tawa, shi da ɗalibin kawai, Meet ya ishe su, kuma a kwamfuta yana buɗewa a burauza ba sai an sauke komai ba. Teams yana da nauyi, tsohuwar kwamfuta da waya mai ƙaramin ma'aji suna wahala da shi. Akwai kuma Jitsi Meet, wanda masu shiga ba sa buƙatar asusu, mai buɗe ɗakin ne kawai zai shiga da nasa.

Dabarar da ta fi ceton taro ita ce a raba aiki: ka aika takardun da za a duba tun kafin lokaci ta imel ko WhatsApp, kowa ya buɗe nasa, taron ya zama na murya zalla. Nuna allo da kyamarori goma a kunne shi ke kashe konekshon. Ka gaisa da kyamara a kunne don ladabi, ka ce rezo ba ƙarfi, ka kashe. Ba wanda zai ga laifinka.

Ƙasashen da WhatsApp ba ya kira

Ɗan kasuwar da ke hulɗa da Dubai ya san kiran WhatsApp a toshe yake a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, saƙo na tafiya amma kira ba ya shiga. Can Botim ake amfani da shi. A Sin kuwa WhatsApp ɗin gaba ɗaya a toshe yake, masu kaya a Guwanzu WeChat suka sani, kuma gara ka buɗe asusun tun kana gida, don wani lokaci sai wani mai asusu ya tabbatar da kai. IMO na da jama'a sosai tsakanin masu aiki a ƙasashen Larabawa, kuma yana jure rezo mai rauni, sai dai talla ta yi masa yawa. Ka tambayi mutuminka abin da ke aiki a wurinsa, ka bi shi.

Telegram da Signal kuma suna da amfaninsu. Abin da Skype ke yi na barin ka yi magana da baƙo ba tare da ya ga lambarka ba, su biyun suna yi ta hanyar laƙabi. Wannan na da muhimmanci ga mata masu sana'a ta intanet da ƴan jarida. Bambancinsu: Signal komai nasa a kulle yake, Telegram kuwa hirar yau da kullum ba a kulle take daga kai sai abokin magana ba, sai ka buɗe hirar sirri da kanka. Amfanin Telegram shi ne manyan fayiloli, har giga 2.

Kulle ƙofa

Skype da suna da kalmar sirri yake aiki. Waɗannan sababbin kusan duka a kan lambar waya suke tsaye, wato wanda ya mallaki lambarka ya mallaki asusunka. Abu uku za ka yi. Na farko, kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, tana cikin Paramètres ƙarƙashin Compte, ka sa lambobi shida da za ka tuna, ka haɗa da imel. Na biyu, lambar sirrin da ke zuwa ta SMS ba a ba kowa ita. Za a kira ka da murya mai daɗi, "Alhaji, kuskure aka yi aka turo maka wata lamba, don Allah karanto mini", ko a ce za a sa ka cikin guruf ɗin tallafi. Kana karantawa asusun ya tafi, sai a shiga roƙon kuɗi wurin ƴan uwanka da sunanka. Ka gaya wa tsofaffin gida wannan da baki, ka maimaita.

Na uku ya fi shafar matafiya. Layin da aka daɗe ba a sa masa kuɗi ba, kamfani na iya karɓe shi ya sayar wa wani. Wanda ya tafi ci-rani ya bar WhatsApp a kan lambar Nijar, ko dai ya riƙa raya layin, ko ya mayar da asusun kan sabuwar lambarsa ta wurin Changer de numéro tun tsohuwar na hannunsa. Kuma layin ya kasance da sunanka aka yi masa rajista, don in waya ta ɓace, da katin shaidarka za ka je a ba ka lambar.

Manhaja kuma daga Play Store ko App Store kawai. Waɗannan WhatsApp na jabu masu launi-launi da ake tura wa juna ta Xender, kamfanin na rufe asusun masu amfani da su, kuma ba ka san wanda ke karanta saƙonka ba. Duk wanda ya turo maka mahaɗi ya ce sabon Skype ne ya dawo, share shi.

Kuran da zafi

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai wa maƙura kuma kuran, wato wutar lantarki, ke yawan ɗaukewa, kira mai muhimmanci sai da shiri. Cika waya da batirin ajiya tun dare. Idan da akwatin wifi kake aiki, ka tuna yana mutuwa tare da kuran, don haka ka sa forfe a waya ka koyi yadda ake raba konekshon ɗinta zuwa kwamfuta, ka gwada tun kafin ranar. Kiran bidiyo yana dafa waya, balle tana kan caji a ɗaki mai zafi. Cire mata riga, kada ka ɗora ta kan katifa, kuma in ta fara gargaɗin zafi kashe kyamara. Abin kunne mai igiya ya fi lasifikar waya, musamman in fanka ko janareto na aiki kusa.

In kana da zaɓin lokaci, sa kiran da safe. Da dare bayan Isha kowa na kan layi, rezo na yin nauyi a unguwanni masu cunkoso. Sannan kafin a fara kowane taro na aiki, ka rubuta wa mai taron lambar WhatsApp ɗinka da ta layinka na biyu, ku yarda cewa in ka ɓace fiye da minti biyu, ta can zai neme ka.